Sanƙarau ne ya kai ni Landan

Ranar da na fara zuwa makarantar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi ta Landan, sai da na tsaya a Titin Keppel na ɗaga kai. A jikin ƙarafan ginin an ƙera sauro da ƙudan tsando da ƙwarƙwata da kuɗin cizo, duk an shafe su da ruwan zinare. Sanyin Janairu na ratsa ƙashina, amma na kasa ɗauke ido. Waɗannan ne suke cika mana asibiti a gida.

A 1996 ina ƙaramin likita a Kano sanƙarau ya ɓarke. A shekarar sama da mutum 100,000 suka kamu a Najeriya, fiye da 11,000 suka riga mu gidan gaskiya. Har yau ina ganin hannuna a bayan yaro, an lanƙwasa shi, ina zuƙo ruwan ƙashin bayansa. Na mai lafiya garau yake fitowa. Na waɗannan yara kuwa fari-fari, kamar tsinkakkiyar gasara. Kafin sakamakon gwaji ya dawo mun san abin da muke fama da shi.

Da wannan na iso Ingila, ina ganin na ƙoshi da sanin ciwon. Sai aka ce kafin in taɓa majinyaci sai na ci jarrabawar PLAB, wadda ake yi wa likitocin da suka yi karatu a ƙasashen waje. Na koma ɗalibi, ga duhu tun ƙarfe huɗu na yamma, ga iyali a gida. Ban ji haushi ba, dokar ƙasarsu ce. Abin da ya fi ba ni wuya shi ne kiran farfesa mai furfura da gundarin sunansa. Wata shida bakina na nauyi. Ranar da na fara ce wa malamina "ban yarda da wannan lissafin ba" a gaban mutane, gabana na faɗuwa, sai ya jawo kujera ya ce in nuna masa. A ranar na fara zama mai bincike.

A ɗakin karatu na sami abin da ya rage mini baƙunta: rubuce-rubucen Farfesa Brian Greenwood, wanda ya yi kusan shekara goma a Zariya a shekarun 1970 yana nazarin wannan ciwo. Ina karantawa ina jin ƙurar hunturu da zafin bazara, kamar wasiƙa daga gida. Nan na gane cewa abin da muka gani da idonmu a 1996, yawancinsa ya tafi da mu a ka, ba mu rubuta ba. Wannan ya dame ni matuƙa, kuma har gobe yana damuna.

Na ga sauyi da raina. Rigakafin MenAfriVac da aka fara a Burkina Faso a 2010, ya shigo Najeriya a 2011, ya kusan kawar da nau'in A na ƙwayar cutar sanƙarau. Sai nau'in C ya afka wa Zamfara da Sakkwato a 2017. A 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da Men5CV, mai kariya daga nau'i biyar.

Yanzu ni ke jagorantar rukunin bincike a wata jami'a. Rabin lokacina yana tafiya a neman tallafi da zaman kwamiti. Sau biyu aka ƙi takardata kafin ta uku ta shiga. Sharaɗi ɗaya na kafa: wanda ya ɗebo samfur a ƙauye cikin zafin Afrilu, sunansa zai hau takarda tare da namu, kuma a gida za a fara gwajin.

Makon jiya wata ɗaliba daga Gusau ta iso. Ta rusuna a bakin ofis ta ce, "Ranka ya daɗe." Na amsa gaisuwarta, na tambayi mutanen gida, sannan na miƙa mata wani jadawali na ce ta nemo mini inda na yi kuskure kafin Juma'a.