Talata, Garwa

Zafin Afirilu dai kun san shi, tun kafin azahar ma'auni ya haye 40. Duk da haka na tashi da nishaɗi. Wanki ya kammala da wuri, na soya kifin Lagdo har ina 'yar waƙa.

Sai ga Auta daga kasuwa, babu maganin hawan jinin Baba. "Wallahi Inna na manta." Ya ƙara da Fillanci, "mi yejjiti", wai ko yare biyu zai rage laifin.

Inna ta ajiye faifai. "Mantuwa sai abin da ya taɓa zama a zuciya. Kai tun ina maka magana idonka na kan waya. Wannan gafala ce. Da jaka biyu a aljihunka kuwa, sakaci."

Ya ce to ya sha'afa ne.

"Wanda ya sha'afa, da ya hangi kantin magani zai yi firgigit ya tuna. Kai kantuna nawa ka wuce?"

Har salla ta jawo masa. Ta ce mai rafkana yana da gyara, in ya rage ya yi ƙabli, in ya ƙara ya yi ba'adi. Wanda bai ɗaura niyya ba kuwa, babu sujadar da za ta fisshe shi, sai ya sake daga farko. Haka ya koma cikin ranar nan yana ƙunƙuni, ni kuma dariya har da riƙe ciki.

Bayan la'asar dariyar ta ƙare. Baba ya idar, ya naɗe darduma, bai jima da zama ba ya ce in miƙo buta, lokaci na wucewa bai yi salla ba. Kuma da sunan marigayiya Goggo ya kira ni. Na dubi Inna. Ita da ta tsefe kalma ɗazu, ko ɗagowa ba ta yi ba, ta ce, "Sha'afa ya yi, zafi ne."

Mai sha'afa ai yana tunawa, ita ta faɗa da bakinta. Baba bai tuna ba. Maƙwabta sun fara cewa gigin tsufa, kalmar da na tsana.

Wuta ta ɗauke da magariba. Tuwo ya yi ruwa.

Na kira Yaya a Marwa, layi bai shiga ba. Gobe zan sake, in gaya masa ya zo mu kai Baba asibiti.