Sauke motar gudu ƙasa a Damagaram: wane resor da wane amortisar za ka saya?

Kafin ka tambayi kuɗin komai, ɗauki mita ka auna motarka. Ka tsayar da ita a kan siminti mai daidai, tanki da rabin mai, iskar tayoyi kamar yadda kamfani ya rubuta. A kowace ƙafa ka auna daga tsakiyar jantin zuwa leɓen ƙarfen da ya lulluɓe taya, ka rubuta lambobin huɗu. Kada ka auna daga ƙasa, domin iskar taya da cinyewarta suna ɓata lissafi. Sannan ka duƙa ka nemo abin da ya fi kusa da ƙasa a cikin motar, ko karter ne, wato kaskon man inji, ko salansa, ko leɓen bamba ta gaba, shi ma ka auna.

Wannan lambar ta ƙarshe ita ce ke yanke hukunci. Toyota GT86 ta fito daga kamfani da tazarar da ba ta wuce santimita 13 ba tsakaninta da ƙasa. Ka sauke ta santimita 4, saura 9, tun ba a shiga ba. Ƙara mutum biyu da cikakken tanki, sai ka tuna tudun rage gudu da ke kan kwalta, da lungunan Birni da Zango masu yashi da kan dutse, da ramukan da ruwan Agusta ke yankawa a gefen hanya, har da ɗan hawan ƙofar gidanka. A ganina, a garin nan milimita 20 zuwa 30 shi ne iyaka. Abin da ya wuce haka na titunan Jamus ne. Kuma karter ɗin BMW E46 mai silinda shida na alminiyam ne: ba ya lanƙwasa in ya bugi dutse, tsagewa yake, man ya tsiyaye kana tafiya.

Akwai dalili na biyu da ido ba ya gani. Kowace ƙafa tana da iyakar nisan da za ta iya shigewa sama kafin ta daki robar tsayawa da ke kan sandar amortisar, wato bututun da ke hana mota lilo. A ce motarka tana da milimita 70 na wannan tafiyar. In ka sauke ta 35, rabi ya tafi. Shi ya sa resor na saukewa, wanda mutanen Kano ke ce wa sifirin, ake yin sa da tauri fiye da na asali, don ya riƙe nauyi ɗaya a cikin gajeriyar tafiya. In ya gajarce bai ƙara tauri ba, motar za ta zauna a kan roba, kowane rami ya shiga kai tsaye cikin bodi da bayanka.

Ana rubuta taurin resor da N/mm ko kg/mm, wato ƙarfin da ke danne shi milimita ɗaya, kuma kg/mm ɗaya kusan N/mm 9.8 ne, don haka kada lambobin kamfanoni biyu su ruɗe ka. Iri biyu ne a kasuwa. Akwai mai tauri ɗaya daga farko har ƙarshe, zagayensa tazara ɗaya. Shi masu tsere ke so domin halinsa ba ya canzawa a cikin kwana. Akwai kuma wanda wasu zagayensa suka matsu da juna, yana farawa da laushi, yana ƙara tauri in an danne shi. Ga motar da za ta je kasuwa da safe, ta kama hanyar Matamaye ko Mirya da yamma, na biyun ya fi. Eibach Pro-Kit da H&R na titi su ne sanannu a wannan sahu, galibi suna sauke mota tsakanin milimita 25 da 40 gwargwadon irinta. Eibach Sportline ya fi zurfi, ni ba na ba kowa shawarar sa a nan.

Wani kuskure da ake yawan yi: a ce “na E46 nake so” a tsaya nan. Resor ɗin gaba na 318i mai silinda huɗu daban yake da na 330i mai shida, saboda nauyin inji. Ka sa na mai shida a ƙaramar, hanci zai ɗaga. Ka juya, hanci zai nutse. A jikin ƙofa ko cikin ɗakin inji akwai ɗan faranti mai nuna nauyin da gaba da baya ke ɗauka. Ka ɗauki hotonsa da lambar shasi ka tura wa mai sayarwa, ko a Kano yake ko a Turai, ya daidaita da lambar da aka buga a jikin resor ɗin.

Batun yanka resor da injin yanka ƙarfe, ko gasa shi da wutar walda har ya kwanta, don Allah a bari. Wuta tana kashe ƙarfin ƙarfen, ya ci gaba da sauka ba daidai ba har ya karye. Yankakke kuwa bakinsa ba ya zama a mazauninsa, kuma ranar da taya ta rataya a kan tudu yana iya fita daga wurinsa ya huda taya.

Yanzu amortisar, inda ya kamata mafi yawan kuɗinka ya tafi. Resor yana ɗaukar nauyi ne kawai. Amortisar ne ke hana shi yin ta lilo, ta hanyar tura mai cikin ƙananan ramuka. An auna na asali ne da resor mai laushi da tsayin asali. Ka haɗa shi da gajere mai tauri, abu biyu za su faru. Na farko, ba ya iya riƙe resor ɗin lokacin da yake dawowa, sai motar ta riƙa tsalle bayan kowane tudu, taya tana barin ƙasa, birki yana ƙara nisa. Na biyu, sandar tana aiki can ƙasan bututu inda ba a tsara ta ba, tana dukan ƙarshe, robar da ke riƙe mai ta gaji ta fara yoyo. In amortisar ɗin ya riga ya tsufa, abin ba ya ɗaukar lokaci.

Jerin amortisar na kamfanin Bilstein ya fi sauƙin ganewa. B4 madadin na asali ne. B6 ya fi ƙarfi amma tsayinsa na asali. B8 an gajarta shi musamman don resor na saukewa, yana riƙe shi a matse ko da taya ta rataya. B12 kuwa kunshi ne guda, amortisar da resor ɗin Eibach da aka gwada tare, kuma ga wanda ba ya son kasada shi ne hanya mafi tsafta. Koni Sport, mai launin rawaya, ana iya murɗa ƙarfin dawowarsa, abin da ke da amfani in ka ji motar tana tsalle ko ta yi tauri da yawa. Ka fara daga laushi ka ƙara kaɗan-kaɗan, hagu da dama daidai. KYB Excel-G amortisar ne mai kyau ga tsayin asali, amma ba don wannan aikin aka yi shi ba.

Zafinmu ma yana da ta cewa. A watan Afrilu da Mayu, da ma'auni ke haura digiri 40, in mota ta daɗe a kan gargada man cikin amortisar yana zafi ya tsinke. A amortisar mai bututu biyu, mai da iska suna iya gauraya su yi kumfa, ƙarfinsa ya ragu har sai ya huce. Mai bututu ɗaya, irin B6 da B8, yana da ɗan fistan da ke raba mai da iskar nitirojin, kuma jikinsa na waje yana shan iska kai tsaye, don haka ya fi jure doguwar tafiya irin ta hanyar Tanut. Rauninsa ɗaya: in dutse ya lotsa bututun da fistan ke gudu a ciki, ya gama aiki.

Amortisar masu zare a jiki, waɗanda ake murɗawa a ɗaga ko a sauke mota, irin su KW ko Bilstein B14, suna da kyau in na gaske ne. Sai dai ƙurar hunturu tana cika zaren ya ƙafe in ba a wankewa, masu arha marasa suna kuwa tauri kawai gare su. Na gwanjo ma a yi hattara: amortisar yana iya bushewa a waje alhali cikinsa ya mutu.

Ɗan tsokaci a kan taya, tunda ita ma resor ce. Tsayin gefen taya 205/55 R16 kusan milimita 113 ne, na 225/45 R17 kusan 101, na 225/40 R18 kuwa 90. Wanda ya sauke mota sannan ya sa janti 18, ya rage wa kansa kariya sau biyu. A nan 17 ya isa.

Ranar ɗaurawa, a canza biyu-biyu, gaba tare, baya tare. A sa sabuwar robar tsayawa gajera irin wadda ta zo da kayan, da sabuwar rigar ƙura ta sanda, domin yashi a kan sanda kamar sandafefa yake ga robar mai. A duba kan amortisar na sama da boris ɗinsa, da silanbulok na tiriyangil, wato robobin hannun ƙarfen da ke riƙe ƙafa, da rotil, wato gaɓa mai ƙwallo. A E46 kan amortisar na baya da robobin tiriyangil na gaba sun shahara da saurin mutuwa. Lallai makanike ya yi amfani da abin matse resor, ba igiya ko waya ba. Kada ya kama sandar da filaya, ƙarzuwa ɗaya ta isa ta jawo yoyo, kada kuma ya ɗaure notin sama da bindigar iska. Notocin da suka ratsa silanbulok sai an sauke motar a kan tayoyinta ake ƙarasa ɗaure su. In aka ɗaure tana rataye a kan jak, robar za ta zauna a murɗe, ta yage da wuri, motar kuma ta ƙi sauka daidai.

Bayan ƴan kwanaki ana hawa, resor ya zauna, sai ka sake auna ƙafafun huɗu ka kwatanta da lambobin farko, sannan ka kai ta paralelisim, wato saitin tayoyi. Saukewa tana sa kan tayoyi ya karkata ciki, tana kuma sauya inda bakinsu ke fuskanta, kuma wannan na biyun ne ke cinye gefen taya na ciki da sauri. A gyara saitin fitilun gaba ma.

Gwaji na ƙarshe ba ya cin ko dala. A amortisar da sandarsa ke bayyane, ɗaga rigar ƙura ka ɗaura siririn maɗaurin roba a sandar, ka tura shi ƙasa ya taɓa bututu. Bi hanyar da kake bi kullum, da mutanen da ka saba ɗauka, ka dawo ka duba. In ya tsaya da ɗan tazara ƙasa da robar tsayawa, haɗin ya yi. In ya nutse cikin robar, motar ta sauka fiye da kima ko resor ɗin ya yi laushi, sai a nemi wanda ya fi shi tsayi da milimita 10.