Bencin Ƙofar Shagon Littattafai a Tudun Wada

Da hantsi motarmu ta tashi daga Unguwa Uku a Kano. Muka wuce Kwanar Ɗangora da Tashar Yari, kafin azahar aka sauke ni a Kwangila. Abin da ya kawo ni Zariya bai taka kara ya karya ba: wani tsohon littafin firamare ne da mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya koya mini karatun boko da shi. Na neme shi a Kano har na gaji.

In dai littafin Hausa ne, Zariya ce mahaifarsa. A nan jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a 1939, aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945, kamfanin ɗab'i na NNPC ya biyo baya a 1966. Amma ni ba kamfani na nufa ba. Mai Keke Napep ya ajiye ni a wani ɗan shago a Tudun Wada, wanda in mutum uku suka shiga sai na huɗu ya jira a waje.

Ashe a wajen ma kasuwar take ci. Benci guda ne, a kansa wani malamin makaranta mai ritaya da ɗalibai biyu na Kongo, wato harabar Jami'ar Ahmadu Bello da ke nan kusa, suna ta musu kan siyasa, ba wanda ya zo sayen komai.

"Baba, barka da kasuwa."

"Barka kadai, ɗana. Me ake nema?"

Sai kunya ta kama ni, don sunan littafin ya ɓace mini, launin bangonsa kawai nake tunawa. Mai shagon bai yi dariya ba. Ya tambayi shekarar da na shiga aji ɗaya, nan take ya faɗi sunan, ya ce an daɗe da daina buga shi.

Muna cikin haka wata mata ta miƙo takardar makarantar 'yarta. Ya haɗa mata littattafan, kuɗinta bai kai ba, ya jawo littafin bashi ya rubuta. "Sai ƙarshen wata, Hajiya." Ko jingina bai nema ba, ya san gidansu tun kakanni. Ya ce mini littattafan makaranta da na addini ne ke riƙe da shagon yanzu, masu karanta hikaya sun koma waya. Ni ma da nawa laifin, na manta rabona da sayen littafin takarda.

Ashe malamin nan na kan benci yana jin mu. Ya ce yana da guda a gida, a Tudun Jukun. Aka tura yaro a keke, ya dawo da shi a naɗe cikin leda, bangon ya sha gam. Na zura hannu aljihu, malam ya ɗaga mini hannu.

"Ba na sayarwa ba ne. Je ka bakin Kongo a yi maka hotonsa, ka dawo mini da abina kafin magariba."

Layi na tarar a wurin. Ranar dai a Sabon Gari na kwana.