Yaron da Ya Ci Tuwo da Hannun Hagu

Littafin yara ne mai shafi 32, na koyon karatu, kuma shi ne aiki mai tsoka na farko da na samu bayan na ajiye aikin albashi a wani shagon buga katin biki a Kano, na koma cin gashin kaina. Wata biyu na yi ina zana hotunansa. Ranar da aka kawo mini kwafina, ban zame ko'ina ba sai ɗakin Gwaggo, yayar mahaifina, wadda ta riƙe ni tun ina ƙarami. Ba ta yi boko ba, saboda haka hotunan kawai take bi, tana lasar yatsa tana buɗa shafi. Da ta zo shafi na 9 sai ta tsaya.

"Ɗan nan, wannan matar da ke gefe ba uwarsa ba ce?"

Na ce, "Ita ce, Gwaggo."

"To tana zaune yaro yana kai loma da hagu, ba ta ce masa kanzil ba?"

Na karɓi littafin na duba, gabana ya faɗi. Da dama na zana shi, wannan ba ni da shakka. Abin da ya faru shi ne, lokacin da nake jera shafuka a kwamfuta, rubutun ya fi zama a ɗaya gefen, sai na juya hoton kamar a madubi don ya ba shi wuri. Dannawa ɗaya ce. Ban tsaya na sake kallonsa ba. Da na ƙara dubawa sai na ga ba hannun yaron kaɗai ya tashi ba. Babbar rigar ubansa ma, aljihunta da askar da aka yi mata sun koma ƙirjin dama, alhali duk wanda ya taɓa sa riga ya san a hagu suke.

Shafi ɗaya ba ya gyaruwa shi kaɗai a maɗaba'a. Shafuka 8 ko 16 ake bugawa a kan babbar takarda ɗaya, a naɗe, a ɗinke, a yanke. Sai da aka sake buga wannan ɓangaren gaba ɗaya, aka kuma cire wani abu daga cikin kuɗina, ban yi musu ba domin laifina ne. Kuɗin bai dame ni kamar yadda wata tambaya ta dame ni ba: yaya aka yi ni da nake da takardar shaidar zane na kalli hoton nan sau ba adadi ban gani ba, tsohuwar da ba ta taɓa riƙe fensir ba ta gani a kallo ɗaya?

Na taso ina zane da gawayi a bangon zaure, ina shan faɗa a kai. Malamaina na farko ba su san ni ba: masu fentin bayan manyan motoci ne, waɗanda ke zana zaki da dawisu da mahayin doki a ƙyauren mota, da kuma wani kawuna mai zayyanar allo, wanda iyaye ke zuwa wurinsa idan yaro zai yi sauka. Ina zama kusa da shi ina kallon yadda yake raba allo gida-gida kafin ya ɗiga ja ko rawaya ko kore, ba ruwansa da gaggawa. Da na ce zane zan karanta, mahaifina ya yi shiru na kwana biyu, sannan ya kira ni ya ce, "Ka san maganar zanen abu mai rai. Je ka tambayi malamai, kada ka tambayi son ranka." Na je, na ji bayanai masu tsauri da masu sassauci, musamman kan abin da aka yi don koyar da yara. Har yau ban ɗauki wannan magana da wasa ba. Ita ce ta sa yawancin aikina ya karkata ga littattafan makaranta da takardun wayar da kai kan lafiya, akwai kuma ayyukan da nake mayarwa komai kuɗinsu, kamar zanen da za a ci mutuncin wani da shi.

A Zariya na yi karatu, a Jami'ar Ahmadu Bello. Duk ɗalibin zane a can sai ya ji labarin ƙungiyar da ɗalibai suka kafa a 1958, tun wurin yana kwaleji, kafin ya zama jami'a a 1962: su Uche Okeke, Demas Nwoko, Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo. Hujjarsu ita ce, a koyi dabarar Turawa, amma a gina ta a kan abin da aka gada a gida. Okeke ya koma ga uli, zanen da matan Ibo ke yi a jiki da bango, ya mai da shi harshen alƙalaminsa. An kuma tura mu cikin birni mu zana adon bangon gidaje, mu kalli bakan gizon tsohon masallacin Juma'a da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, a ƙarni na 19. Na rubuta duk wannan a jarrabawa, na ci. Amma da na fito na fara aiki, idan aka ce in zana tsohuwa tana tankaɗe, intanet nake shiga in nemi hoto in kwaikwaya. Ilimin ya tsaya a kaina, bai sauko hannuna ba. Shi ya sa hoton shafi na 9 ya zama mini tsarin launi da layi kawai, wanda za a iya juyawa yadda aka ga dama. Gwaggo kuwa mutane ta gani a ciki, masu dama da hagu, masu uwa da tarbiyya.

Daga wannan makon na sayi ƙaramin littafi marar layi, na sa wa kaina dokar fita kullum da hantsi, ko da aiki ya yi mini yawa. Nakan zauna a bakin tasha, ko wajen mai shayi, ko a wata rumfa a Kasuwar Kurmi inda mai rumfar ya saba da ni. A nan na fara ganin abubuwan da na rayu a cikinsu shekara da shekaru ban lura ba. Mai shayi idan zai fifita shayi tsakanin kofi biyu, kafaɗarsa ce ke tashi kafin hannu. Mai goyo takan ɗan ranƙwafa gaba, majanyi kuma yana da inda yake kamawa a ƙarƙashin yaron, idan ka sauke shi ƙasa kaɗan duk macen da ta gani za ta ce ɗan zai faɗi. Tulu ba ya zama a ka sai da gammo. Durƙuson yarinya gaban kakarta daban, tsugunnon saurayi gaban surukinsa daban. Hula ma magana take yi: zanna bukar, dara, haɓar kada, kowacce da mai sa ta da inda ake sa ta, rawani mai kunne biyu kuma a Kano ba kowa ake zana wa shi ba, na 'ya'yan sarauta ne. Na je marinar Ƙofar Mata na wuni, na ga shuɗin baba ba launi ɗaya ba ne, yana sauyawa da yawan tsomawa, sannan ƙyallin da ke kan yadi daga dukan mabuga yake fitowa. Fatar mutanenmu kuwa, da ina da launi ɗaya da nake shafa wa kowa. Yanzu na san hasken hunturu mai ƙura yana sa fuska ta yi toka-toka, na damina yana fito da ja da ke ƙarƙashinta.

Wannan ne ginshiƙin sana'ar a wurina. Sauran darussan na ciki ne da aljihu, kuma su ma da wuya na koye su. Ba na ɗora alƙalami sai an ba ni kafin alƙalami, rabin kuɗin aiki. Da ina jin nauyin faɗa, musamman ga manya da 'yan uwa masu cewa, "Ai ɗan zane ne kawai, yi mana mana." Yanzu nakan ce, "Ranka ya daɗe, ga abin da zan yi, ga ranar da zan kawo, gyara sau biyu ne, na uku da kuɗinsa," in rubuta shi ko a WhatsApp ne, ya amsa da kansa. Wata ƙungiya ta taɓa biyana kuɗin hoto ɗaya don ƙaramar takarda, bayan wata shida na gan shi a jikin riguna da katon allon talla a bakin titi. Ban da abin kamawa, domin ban rubuta komai ba. Nijeriya ta samu sabuwar dokar haƙƙin mallaka a 2023, amma doka ba ta rubuta maka yarjejeniyarka. Tun daga nan nake rarrabewa tsakanin sayar da izinin amfani da hoto a wuri kaza, da sayar da hoton ɗungurungum, kuma farashinsu ba ɗaya ba ne.

Maɗaba'a ma makaranta ce. Fuskar kwamfuta da haske take haɗa launi, ja da kore da shuɗi, injin bugu kuwa da tawada huɗu, shi ya sa shuɗin da ya ƙayatar da kai da daddare yakan fito a dushe a takarda. Ina barin milimita 3 a kowane gefe saboda wuƙar yanka, ina aje hoto a ɗigo 300 a kowane inci, ina kuma tambayar ko da manhajar zane ta CorelDraw za su buɗe hoton, tunda ita ce a hannun yawancin masu bugu a nan. Ranar bugu da ƙafata nake zuwa in tsaya kusa da mai injin har takardar farko ta fito.

Abin da ya fi tayar mini da hankali a 'yan shekarun nan shi ne manhajojin da ke ƙirƙirar hoto daga rubutu, irin su Midjourney, da suka bazu tun 2022. Ba zan ɓoye ba, sun ɗauke mini ƙananan ayyuka da yawa, bangon littafi mai araha da hotunan talla, waɗanda da su nake sayen mai da biyan haya tsakanin babban aiki da babban aiki. Akwai watannin da na kwana ina lissafi. Sai ga wata Hajiya mai makarantar firamare, wadda ta daina kirana kusan shekara, ta zo da hotuna a wayarta. Ta nemi manhaja ta zana mata kasuwar ƙauyen Hausa. An ba ta mata da ɗaurin gwaggwaro irin na bikin Legas, da duwatsun wuya na gabashin Afirka, ga maza da rawanin da ba na ko'ina ba. Hotunan sun yi kyau, sun fi nawa sheƙi. Ta ce, "Malam, yaran sun ce ba su san garin nan ba." Na gane dalili: abin da aka tara a intanet manhajar ta koya, namu kuwa kaɗan ne a can, kuma yawanci baƙo ne ya ɗauka. Manhajar ma kamar ni take a shekarar shafi na 9, tana ganin launi da layi ba ta san wace ce uwar wa ba. Na karɓi aikin, muka yi littattafai uku tare.

Yanzu duk littafin da na gama, kafin ya tafi maɗaba'a sai na buga shi a farar takarda na kai gida. Yaran maƙwabta su fara gani, in ji ko za su iya ba da labarin ba tare da an karanta musu ba. Sannan in shiga wurin Gwaggo. Idonta ya yi rauni, sai ta fito tsakar gida ta kanga takardar da haske. A makon jiya ta daɗe a kan hoton wata mata da ke daka, sannan ta ce, "Taɓaryar nan ta yi mata gajarta, ɗan nan. Kafin ta gama surfe bayanta ya ƙage." Na auna ta Gwaggo da ke jingine a bayan ɗaki, ta kai mini kafaɗa. A daren na ƙara wa ta hoton tsawo, na ɗaga hannuwan matar sama kaɗan, ranar Litinin kuma za a kai wa mai bugu.