Tattakin Asabar zuwa Ƙuba: yadda muka yi amfani da zauren WhatsApp wajen yaƙar ciwon suga

A Madina aka haife ni, a nan kuma nake sayar da yadi da turare a wani ɗan shago da ba shi da nisa da Harami. Kakana ya taso daga ƙasar Kano a ƙafa, ya ratsa Barno da Chadi da Sudan, ya yi shekaru a hanya yana noma da ƙwadago kafin ya tsallaka Bahar Maliya, amma mu jikokinsu rayuwa ta zaunar da mu wuri ɗaya: daga gida sai mota, daga mota sai shago, ga shayi mai suga tun safe, ga tiren kabsa, wato shinkafa da nama, da dare. A hunturun 2022 na je awon jini, likita ya ce gwajin HbA1c, wanda ke nuna matsakaicin sugan jini na kimanin wata uku, ya kai 6.2. Ya bayyana mini cewa daga 5.7 zuwa 6.4 mutum yana bakin ƙofar ciwon ne, daga 6.5 kuwa ya riga ya shiga. Hankalina ya tashi ƙwarai, domin mahaifiyata ta yi fama da wannan ciwo har ya taɓa mata gani, kuma ni ne nake kai ta asibiti.

Muna da wani zaure a WhatsApp na Hausawan unguwarmu da kewaye, wanda ake sanar da ɗaurin aure da suna da rasuwa. A nan na fara. Sai da na yi kusan wata biyu ina tura hotuna da rubuce-rubucen faɗakarwa, galibinsu da Larabci, kan amfanin tafiya a ƙafa. Amsar ba ta wuce “Allah ya saka da alheri” ba, kuma ban ji mutum ɗaya da ya ce ya fita ba. Daga baya na fahimci cewa jama'a ba jahiltar amfanin tattaki suka yi ba. Abin da babu shi ne abokin tafiya da lokaci da wurin haɗuwa.

Wani daren Alhamis na ajiye hotunan, na ɗauki saƙon murya da Hausa, bai kai minti ɗaya ba. Na faɗi sakamakon gwajina ba tare da ɓoyewa ba, na ce ranar Asabar bayan sallar asuba zan taka daga Harami zuwa Masallacin Ƙuba, duk mai so ya same ni a bakin hanyar. Na zaɓi Asabar ne da gangan, domin ya tabbata a hadisi cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan ziyarci Ƙuba kowace Asabar, wani lokaci a ƙafa, wani lokaci a kan abin hawa. Hanyar kimanin kilomita 3 ce, an gyara ta domin masu tafiya a ƙafa, akwai wuraren zama, kuma dattijon da zai ji nauyin a ce ya fita motsa jiki ba zai ji nauyin a ce ya tafi Ƙuba ba. Mutum uku suka zo. Bayan mun yi nafila na ɗauki hotonmu a harabar masallacin, da izininsu, na tura zauren. Asabar ta gaba mun kai tara, kuma biyu daga cikinsu sun same ni a keɓe sun ce su ma suna da suga, sun daɗe suna ɓoyewa.

Tafiyar rana ɗaya a mako ba ta isa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba manya shawarar aƙalla minti 150 na matsakaicin motsa jiki a kowane mako, wato minti 30 sau biyar. Akwai kuma babban binciken da aka yi a Amurka, aka fitar da sakamakonsa a 2002, a kan mutane fiye da 3,000 da ke bakin ƙofar ciwon kamar ni: waɗanda aka ɗora a kan gyaran abinci da rage nauyi da minti 150 na motsa jiki, yawancinsu tafiya ce da sauri, haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58 cikin ɗari, masu shan maganin metformin kuwa ya ragu da kashi 31. Dalilin a fili yake, domin tsokar da ke aiki tana janye suga daga jini, kuma jiki yakan ƙara jin insulin, sinadarin da ke rage suga a jini, har bayan an gama tafiyar. Saboda haka muka buɗe zaure na daban domin tattaki kaɗai, muka yi alkawarin kowa ya taka a unguwarsa bayan isha'i ko bayan cin abinci, idan ya dawo ya rubuta “na fita”. Wanda aka kwana uku ba a ji ɗuriyarsa ba, sai ɗayanmu ya kira shi a waya ya tambayi lafiyarsa. A ganina wannan kiran ya fi duk abin da muka taɓa turawa tasiri.

A nan ne kuma na yi kuskuren da har yau yake damuna. Manhajar Sehhaty ta Ma'aikatar Lafiya tana ƙirga taku, sai na ce kowa ya riƙa turo hoton adadinsa, ni kuma duk Juma'a in jera sunaye daga na ɗaya zuwa na ƙarshe. Zauren ya yi armashi, matasa suka yi ta tsere, amma masu ƙiba da masu ciwon gwiwa suka yi shiru ɗaya bayan ɗaya. Wata Asabar muna dawowa daga Ƙuba, wani dattijo da ke allurar insulin, wanda ya ƙi karyawa ya kuma nace sai ya koma a ƙafa don kada sunansa ya sauko, ya tsaya yana gumi, hannunsa na rawa. Na ce, “Baba, lafiya kuwa?” Ya ce, “Ɗana, jiri nake ji, bari in ɗan zauna.” Allah ya sa ɗayanmu yana ɗauke da na'urar awo. Suga ya sauka zuwa 58, alhali duk abin da ya yi ƙasa da 70 ana ɗaukarsa faɗuwar suga ne. Muka ba shi lemon kwali da dabino, muka jira minti 15 muka sake awo, sannan muka saka shi a mota zuwa gida, washegari kuma ɗansa ya kai shi wurin likitansa.

A daren na soke jeren sunayen, na kuma nemi afuwar jama'a da bakina a saƙon murya. Tun daga lokacin, duk mai allurar insulin ko mai shan ƙwayoyin suga irin su gliclazide sai ya sanar da likitansa kafin ya shiga cikinmu, ya auna suga kafin fita, ya riƙe dabino a aljihu. Mun kuma tsananta kan ƙafa, domin ciwon yakan kashe jijiyoyin jin zafi na ƙafa har mutum ya yi rauni bai sani ba: babu doguwar tafiya da silifas, babu taka farfajiyar da rana ta gasa ba takalmi, kuma kowa ya duba tafin ƙafarsa da tsakanin yatsu idan ya koma gida.

Wata matsalar da ta fi wannan wuyar sha'ani ita ce saƙonnin da ake turowa daga wasu zaurukan, cewa wani haɗi na ganye ko na habbatussauda yana warkar da suga gaba ɗaya har a ajiye magani. Masu turowa ’yan'uwa ne masu kyakkyawar niyya, wasu sun girme ni, don haka ba na ƙaryata kowa a bainar jama'a. Nakan kira mutum in ce, “Yaya, ka yi haƙuri zan cire wannan, ina tsoron wani ya bar maganinsa ne.” Duk mai tambayar magani muna tura shi wurin likitansa ko layin 937 na Ma'aikatar Lafiya.

Mata ban iya yi musu komai ba sai da maiɗakina ta ce, “Maigida, mata ba za su faɗi nauyinsu ko sugansu a zauren maza ba, ka bar mini wannan.” Ta buɗe nasu, ba a tura hoto a ciki, suna haɗuwa bibbiyu ko uku-uku bayan isha'i, idan zafi ya tsananta kuma su zaga cikin manyan kantuna masu na'urar sanyaya wuri. Mu ma idan zafin Madina ya haura digiri 40 ba ma barin rana ta same mu a hanya, a watan azumi kuwa sai bayan tarawihi muke fita, domin tafiya kafin buɗe-baki tana da haɗari ga mai shan maganin suga.

Gwajina na baya-bayan nan ya nuna 5.8, na kuma rage kilo shida, amma ba tattaki kaɗai ya yi wannan ba, har da rage sugan shayi da shinkafar dare. Akwai waɗanda suka taka tare da mu da gaske, duk da haka likita ya ƙara musu magani, kuma ba su daina zuwa ba. Dattijon nan ma yana nan cikinmu: yakan karya kafin ya fito, ya taka zuwa Ƙuba, ɗansa ya ɗauko shi a mota. Shi ne yanzu yake tura saƙon muryar daren Juma'a, yana tuna wa kowa ya zo da ruwa da dabino.