Kada Ki Yi Alkawarin Feji Kullum a Dogon Hutu

Ƙannena masu rubuta littafi a waya, musamman ku da kuka fara tara yara, ga wata magana tun kafin makarantu su tashi a ƙarshen Yuli. Kada ki kuskura ki yi wa masu karatunki alkawarin sakin feji, wato sabon shafin labari, kullum a cikin dogon hutu. Ni na yi, na kuma ga yadda ta kaya.

Lissafina a lokacin shi ne babu sammakon shirin makaranta, babu wankin yunifom, babu kaiwa da ɗaukowa, ai lokaci ya samu. Sai na fara sabon littafi na kuɗi, jama'a suka biya, na buɗe musu gurup. Na manta cewa makarantar ce take riƙe min yaran daga safe zuwa azahar. Tana sakinsu gida ya cika, har da 'ya'yan yayata da aka turo daga Azare su yi hutu. Watan Agusta kuwa a Bauchi kin san halinsa: ruwa ya tsare kowa a ɗaki, an ɗauke wuta, waya ba caji, shanya ta ƙi bushewa, ga sauro, yau wannan ya kwanta da zazzaɓi gobe wancan. Waɗanda suka biya ba ruwansu da wannan, "Anti, mun ji shiru" kawai kike gani. Kuma da gaskiyarsu, haƙƙinsu ne a wuyanki. Shi ya sa yanzu ba na karɓar ko sisi sai na kai ƙarshen labari.

Amma ba jinkirin littafin ne ya fi damuna ba. Yaro bai san bambancin uwa mai rubuta littafi da uwa mai hira a WhatsApp ba. Abin da yake gani ɗaya ne: kai a sunkuye, yatsa na motsi, da an matso a ce masa "ku fita ku ba ni wuri". Ranar da na ce wa babbar 'yata ta ajiye wayar babanta ta ɗauki littafi, buɗar bakinta sai cewa ta yi, "Umma, ke ma ai waya kike dannawa." Ban samu amsa ba. Marubuciya ce ni a idon mutanen gurup, a cikin gidana kuwa ba a taɓa ganina riƙe da littafi ba.

To ki sayi littafin rubutu da biro, ki riƙa tsara labarinki a ciki a gabansu, tayipin ya jira sai sun tafi Islamiyya ko sun yi barci. Za su leƙa, za su tambaya, wani ma zai nemi takarda ya ce shi ma nasa zai rubuta. Ki ba shi. Idan ruwa ya tsare ku, ki ɗauko littafin Hausa na takarda ki karanta musu da babbar murya, sannan ki miƙa wa babban ya ci gaba. A nan za ki gane yaron da yake zuba Turanci a makaranta yana tuntuɓe da ƙ da ɗ da ɓ. Lesin hutu ba ya gyara wannan. Ni dai a ganina, yawancinmu don mu samu sararin kunne muke tura su, ba don karatu ba.

Ranar da gari ya washe, ki kai su kabarin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, tunda a cikin garin Bauchi yake. Duk sun san shi a matsayin Firayim Minista. Ki faɗa musu abin da ba kasafai ake faɗa musu ba: yana matashin malamin makaranta, ɗan shekara ashirin da 'yan kai, ya rubuta littafin Shaihu Umar, wanda ya fito a 1934 bayan gasar rubutun da ofishin fassara da Baturen nan Rupert East yake shugabanta ya shirya a Zariya a 1933. Ɗan garinsu ne, kuma sai a 1957 ya zama Firayim Minista.

Saura magana ɗaya mai nauyi. A lokacin hutu wayarki tana yawo a hannun yara fiye da kowane lokaci, kuma sun fi ki sanin yadda ake buɗe ta. Akwai wani babi da na rubuta don masu karatu suna neman "zafi", na kwana ina fargabar ko yarinyar nan ta gani. Washegari na goge shi, aka yi ta ƙorafi a gurup, wasu har suka fita. Na mayar wa waɗanda suka nemi kuɗinsu.