Jinin da ke kan asuwaki

Wata rana kafin azahar na tarar da kawuna zaune a bakin zaure yana goga asuwaki, da ya tofar sai na ga miyan ya yi ja a kan rairayi. Na ce, "Kawu, bakinka fa jini yake yi." Ya dubi kan asuwakin, wanda ya riga ya rine, ya ce ai ya daɗe yana haka, iccen ne ya cika tauri. Kawu ya fi shekara goma yana fama da ciwon suga, ba ya wasa da maganinsa, har shayi ya daina sa wa sukari, amma bai taɓa kawowa a ransa cewa jinin dasashi da hawan sugansa suna da dangantaka ba. Ni ma a lokacin ban sani ba.

Dasashi mai lafiya ba ya zubar da jini don an goge shi. Abin da ke faruwa shi ne, dattin da ke maƙalewa a gindin haƙori cike yake da ƙwayoyin bakteriya, idan ya daɗe kuma sai ya daskare ya yi tauri kamar dutse, ta yadda asuwaki ko buroshi ba za su iya ɓanɓare shi ba. Daga nan dasashi ya kumbura, ya fara janyewa daga jikin haƙori yana barin rami, ƙashin da ke riƙe da haƙorin kuma ya shiga zaizayewa a hankali, galibi ba tare da wani zafi ba. Cikin wannan ramin gyambo ne a buɗe, saboda haka ko tauna nama ko goge baki na iya tura ƙwayoyin cikin jini. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya ƙiyasta cewa kimanin mutum biliyan 1 ne ke da wannan ciwo na dasashi a matakinsa mai tsanani.

Ana danganta ciwon dasashi da wasu cututtukan jiki, amma inda hujja ta fi ƙarfi shi ne ciwon suga, kuma kowannensu yana tsananta ɗayan. Yawan suga a jini yana raunana garkuwar jiki, gyambon dasashi ya ƙi warkewa. Kumburin da ya ƙi ƙarewa a baki kuma yana hana sinadarin insulin, mai sauke suga a jini, yin aikinsa yadda ya kamata, sai suga ya ƙi sauka. Tun a 1993 masanin haƙori Harald Löe ya kira ciwon dasashi illa ta shida daga cikin illolin ciwon suga. Wani bita da ƙungiyar Cochrane, mai tace sakamakon binciken lafiya, ta fitar a 2022 ya nuna cewa yi wa masu suga maganin dasashi yana rage ma'aunin HbA1c, wato gwajin da ke nuna matsakaicin sugan jini na 'yan watannin baya, da kusan maki 0.4 cikin wata uku zuwa huɗu. Adadin ƙarami ne a ido, amma duk wanda ya taɓa raka mai suga asibiti ya san wahalar da ake sha kafin a sami ko rabin haka.

Sauran cututtukan kuwa sai a yi taka-tsantsan, domin a intanet ana yawan zuzuta su. Gaskiya ne an sami bakteriyar baki a cikin kitsen da ke toshe jijiyoyin jini, kuma masu ciwon dasashi sun fi kamuwa da ciwon zuciya, amma Ƙungiyar Zuciya ta Amurka ta bayyana a 2012 cewa ba a tabbatar ɗaya ne ke haddasa ɗaya ba, tunda shan taba da tsufa da suga suna jawo dukansu biyun. A 2019 an buga binciken da ya gano ƙwayar Porphyromonas gingivalis, ɗaya daga cikin masu haddasa ciwon dasashi, a ƙwaƙwalwar mutanen da suka mutu da cutar mantuwa ta Alzheimer, aka yi ta murna, sai dai maganin da aka haɗa bisa wannan hasashe bai cika burin da aka sa masa ba a gwajin 2021. Haka nan ana samun wata bakteriyar baki mai suna Fusobacterium nucleatum da yawa a cikin kansar babban hanji. Waɗannan duk alamu ne masu nauyi, ba hukunci ba.

Mu a Sakkwato ba ma buƙatar zuwa nesa don ganin inda ciwon dasashi zai iya kaiwa. Cutar Noma, wadda sunanta ba shi da alaƙa da aikin gona, daga kumburin dasashi take farawa a bakin ƙaramin yaron da yunwa ko ƙyanda ta raunana, cikin 'yan kwanaki ta cinye kumatu da leɓe. Tun 1999 akwai asibiti na musamman domin ta a cikin garin nan, amma sai a Disamba 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi watsi da su.

Ban ga laifin asuwaki ba, sunna ne, kuma yana cire datti sosai idan an bi da shi ciki da waje har gindin haƙoran baya, ba 'yan na gaba kawai ba kamar yadda yawancinmu ke yi muna hira. Abin da ba zai iya ba shi ne cire wanda ya riga ya daskare.

Da ƙyar na shawo kan Kawu muka je wurin likitan haƙori, domin ya ji ana cewa wankin haƙori yana sa su girgiɗi. Likitan ya nuna masa a madubi cewa dattin ne ya cike gurbin ƙashin da ya zaizaye, ya kankare shi a zama biyu, ya cire turmi ɗaya da ya riga ya lalace. Bayan mako uku jinin ya tsaya. Yanzu Kawu yakan jiƙa asuwakinsa a kofin ruwa kafin ya fara, katin likitan haƙorin kuma yana cikin ledar da yake ajiye na asibitin suga.